Yadda ake zana dabbobin tatsuniya da na sarauta su fito da kamannin ƙasar Hausa

Tambaya: Wani matashi mai zane ya ce an ba shi aikin yi wa littafin tatsuniyoyin yara hotuna, shafi 32, mai ɗauke da Gizo da Ƙoƙi da kura da zaki da dokin sarki. Ya sa musu hula da babbar riga, ya cika bangon gidaje da dagin Arewa, amma duk wanda ya duba sai ya ce kamar katun ɗin Turawa. Yana son ya san inda gyaran yake.

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye maganar hula da dagi tukuna. Matsalar tana jikin dabbar da ka sa wa hular. Yawancin masu zane a yau da katun da hotunan intanet suka koyi hannu, kuma duk wanda ya rubuta sunan dabba da Turanci a wurin bincike, abin da zai fara fito masa na Turai ne ko na Amurka, in an yi dace na Kenya. Daga nan sai a kwaso zomo mai kumatu da tunkiya mai ulu da saniya marar tozo, a yafa musu kayanmu. Yaron da ya tashi yana kora tumaki ba zai iya gaya maka abin da ya ɓaci ba, amma idonsa ya riga ya ƙi karɓa. Aikin hawa uku ne, kuma bi da bi ake hawansu: jikin dabbar kamar yadda take a ƙasarmu, sai halin da bakin Bahaushe ya ba ta, sannan ado. Kai daga na ukun ka faro.

Fara da tantance kowace dabba kafin ka taɓa fensir. Tumakinmu gashi gare su, babu ulu. Uda rabin jikinta na gaba baƙi ne ko ja mai duhu, na baya fari, da dogayen kunnuwa masu reto. Balami fari ne fat, dogo, hancinsa da ɗan doro. Akuyar da mutane suka sani ita ce jar akuyar Sakkwato da Maraɗi. Saniya dole ta zo da tozo da fatar nan mai reto a ƙarƙashin wuya: bunaji fara mai baƙin hanci, rahaji ja mai dogayen ƙahoni, gudali mai gajeren ƙaho. Zomon tatsuniya na daji ne, siriri, ƙafafunsa na baya dogaye, ba irin na keji ba. Aku launin toka ne da jar wutsiya, kore da shuɗin nan mai dogon bindi na Kudancin Amurka ne. Damisarmu ba ta da ratsi. Mai ratsi ta Asiya ce, kuma babu ita a dajin Afirka ko guda. Zanen tamu ƙananan da'irori ne baƙaƙe da ba su gama rufewa ba, a kai da ƙafafu kuwa ɗigo ne zalla. Giwarmu kunnenta ya rufe kafaɗa, bayanta ya ɗan lotsa a tsakiya, kuma bakin hancinta yana da 'yan yatsu biyu, ta Indiya ɗaya gare ta da ƙaramin kunne.

Tsuntsaye ma sun fi shan wannan kuskuren. Mikiya mai farin kai da rawayan baki da ake yawan mannawa a tambarin ƙungiyoyi ta Amurka ce. Gaurakanmu wuyansa baƙi-baƙi ne, kumatunsa fari a sama ja a ƙasa, wanda ke kan tutar Uganda kuwa wuyansa toka ne da babban jan leɓe a maƙogwaro, kuma shi intanet ta fi nunawa. Shamuwa baƙa ce, cikinta fari, kuma in tana tashi miƙe wuya take yi. Balbela da zalɓe su ne ke lanƙwashe wuya a sama. Shirwa wutsiyarta a tsage take, da haka ake bambanta ta da shaho tun daga nesa. Damo da guza kuma kada ka haɗa su: damo gajere ne, kakkaura, mai dunƙulallen kai, guza ya fi shi tsawon wuya da wutsiya, da jerin ɗigon rawaya a gadon baya.

Hoto kaɗai ba ya koyar da motsi, sai ka je inda dabbar take. Kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a da ta Maigatari ranar Alhamis sun ishe ka shanu da tumaki da raƙuma. Namun daji kuwa akwai gidan zu na Audu Baƙo a Kano, da wanda ke harabar gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, da Yankari ga mai hali. Ka tafi da ƙaramin littafi da fensir mai taushi, 2B ko 4B, ka nemi iznin mai dabba, ka riƙa zane na daƙiƙa 30 zuwa minti 2. Kada ka tsaya kan ido ko gashi. Layin ƙashin baya za ka fara ja, daga ƙeya zuwa wutsiya, sai ƙwallon ƙirji da na ƙugu, sai inda ƙafafu suka taɓa ƙasa. Zane 40 irin wannan ya fi guda ɗaya da aka yini ana gogewa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ƙafar baya. Abin da mutane ke ɗauka gwiwa ce mai lanƙwasawa baya, a gaskiya dunduniya ce. Gwiwar ainihi tana can sama kusa da ciki, kuma gaba take kallo kamar ta mutum. Kura da zaki da dila a kan yatsu suke tafiya, doki kuwa a kan kofaton yatsa ɗaya. In ka gane wannan, ƙafar baya za ta fito da karyewa uku, cinya ta yi gaba, ƙwauri ya yi baya, dogon tafi ya sauko. In ba ka gane ba, za ka zana mutum ne ya yi rarrafe cikin fatar dabba, kuma wannan na daga cikin abin da ke sa hoto ya yi warin katun. Raƙumi da raƙumin dawa kuma ƙafafun gefe ɗaya suke ɗagawa tare, dama gaba da baya, sannan hagu, shi ya sa suke rangaji. Wanda ya ba raƙumi takun doki, mutumin Agadas zai gane nan take.

Yanzu hali, wanda shi ne zuciyar aikin. Bahaushe ya riga ya gama raba wa dabbobi ɗabi'a a tatsuniya da karin magana da kirari, kuma mai karatu da wannan sanin yake buɗe littafi.

Ɗauki kura. A finafinan waje muguwa ce mai ban tsoro. A wurinmu kwaɗayi da tsoro ne suka haɗu a jiki ɗaya, ita ake yi wa wayo, ita ke shan duka, har aka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jikinta ma ya taimake ka: ƙafafun gaba sun fi na baya tsawo, saboda haka bayanta gangare ne, wuya dogo mai kauri, kunnuwa zagayayyu, jiki mai dabbare-dabbare, gajerar wutsiya mai tuntu, yatsu huɗu a kowace ƙafa. Mai tsinin kunne da ratsi da geza har gadon baya sayaki ne, kada ka cakuɗa su. To ka sa kanta ƙasa da kafaɗa, hancinta ya nufi nama, amma idonta ya waiga baya, ƙafa ɗaya ta riga ta juya hanyar gudu, wutsiya a matse. Jiki yana son gaba yana kuma son baya a lokaci guda. In ka sami wannan tsayuwar, ko haƙori ɗaya ba ka nuna ba yaro zai ce ga kura.

Zaki sarkin dawa ne, kuma sarauta a wurinmu natsuwa ce. Sarki ba ya ɗaga murya, ba ya yawan motsi, na gefensa ne ke zirga-zirga. Kada ka sa zakinka yana hangame baki a kowane shafi. Zaunar da shi, ido rabi a lumshe, sauran dabbobi a durƙushe nesa kaɗan, a bar fili a kewayensa. Filin nan shi ke nuna iko. Ka ajiye ruri don shafi guda, sai ya yi nauyi. Kuma zakunan Afirka ta Yamma gezarsu ba ta kai ta na gabashi da kudanci cika ba, don haka ka rage ta. Dila malamin daji ne, siririn baki, kunne a tsaye, kallon gefe, kullum kamar ya riga ya san ƙarshen magana. In ka ba shi allo, bar allon fari, kada ka rubuta aya ko wani abu mai kama da ita a hannun dabba. Damo sarkin haƙuri, kwance, ido a sanyaye. Hankaka mai da ɗan wani naka, da farin ƙirjinsa da ya zagaya wuya. Mujiya kuma a kula da ita sosai. Turawa sun ɗauke ta alamar ilimi, suna sa mata tabarau da hular digiri, amma a wurinmu tsuntsuwa ce da ake ƙyama, ana camfa ta, sauran tsuntsaye ma taron dangi suke mata. Wanda ya sa ta a tambarin makaranta a Katsina ya faɗi abin da bai yi niyya ba.

Gizo shi ne mafi wuya, domin tatsuniya ba ta damu da siffanta shi ba. Yana noma, yana aure, yana zuwa fada, yana hawan kura kamar doki. Hanya uku ce a gabanka: ka yi shi gizo-gizo sak, ko mutum siriri mai alamun gizo, ko tsaka-tsaki. Ta ukun ta fi aiki a littafin yara, amma da sharaɗin ka san halittar asali. Jikin gizo-gizo kashi biyu ne, na gaba da ya haɗa kai da ƙirji, da na baya wato tumbi. Ƙafafu takwas ɗin duk daga kashin gaba suke fitowa, babu ko ɗaya a tumbi, kuma ba shi da 'yan ƙahonin nan na ƙwari a ka. Mai zana masa ƙafa shida da ƙaho ya zana tururuwa ne. Ga yadda za ka ci moriyar takwas ɗin: huɗu su yi tafiya, biyu su zama hannuwan da kowa ke gani, biyu kuma su zama hannuwan ɓoye. Gizo ya durƙusa gaban zaki, hannu biyu a sama yana jinjina, fuska cike da ladabi, ga sauran biyun sun zagaya ta baya suna cikin akushin sarki. Rubutu bai faɗa ba, yaro ne zai gano da kansa, kuma zai riƙa neman hannuwan nan a kowane shafi. Idanu ka yi manya biyu don nuna fushi da tsoro da murna, ka jera ƙananan ɗigo a goshi a madadin sauran. An san Gizo da tsamin baki, to ka ɗan karkatar da bakin gefe guda. Tumbi kuma shi ne ma'aunin labari, a shafe lokacin yunwa, a kumbure bayan ya yi ta'asa.

Kayan sawarsa su dace da matsayinsa. Gizo talaka ne, malalaci, mayunwaci. 'Yar shara da tsohuwar hula sun ishe shi. Babbar riga sai in aro ya yi don yaudara, kuma a lokacin ta yi masa yawa har tana jan ƙasa. Kada ka sa masa saƙar kente, wannan na Ananse ne, gizon mutanen Akan na Gana, makamancinsa a wayo amma gidansu daban. Ƙoƙi kuwa daga ƙoƙi-ƙoƙi za ka ɗauko ta: kai mai kusurwa uku, dogon wuya, ƙafafu shida, biyun gaba a naɗe a ƙirji. Naɗewar nan da kanta ta ba ka siffar matar da ta gaji da halin mijinta tana kallonsa. Ɗan kallabi ya wadatar.

Sai ka yanke girmansu sau ɗaya. Zana dukkan 'yan wasan a jere kan layi guda, ka ɗauki kan kura a matsayin ma'auni, ka ce misali Gizo tsawon kai ɗaya da rabi ne, zaki uku, giwa ta wuce saman takarda. Manna wannan takardar a gabanka har ka gama. Kowane ɗaya kuma ka yi masa takardar siffa: gaba, gefe, rabin gefe, baya, da yanayin fuska shida. Rashin wannan ne ke sa Gizo ya kai gwiwar kura a shafi na 6, a shafi na 20 ya kai kafaɗarta.

Dokin sarki aiki ne na daban, domin a nan masu gani sun san komai, ba su yafe kuskure. Tsawon kan doki shi ne ma'auni: daga ƙasa zuwa doron kafaɗa kusan kai biyu da rabi, daga ƙirji zuwa ƙarshen ɗuwawu ma kusan haka, wato gangar jiki da ƙafafu suna shiga murabba'i. Ido a gefen kai yake, ba a gaba ba. Dawakinmu jinin na Arewacin Afirka ne da na Dongola ta Sudan, ba su kai na Turai jiki ba, kuma da yawansu hancinsu da ɗan doro. Ka san launin da kake zanawa da sunansa, akawal ne ko kili ko danda ko hurde. A sukuwa, lokacin da ƙafafu huɗu suke barin ƙasa a tattare suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe gaba da baya ba. Hotunan da Eadweard Muybridge ya ɗauka a 1878 ne suka tabbatar da haka, amma har yau ana maimaita tsohon kuskuren.

Kayan doki kowanne da aikinsa, kuma dole a ga abin da ke riƙe da shi. Sirdinmu yana da tudu gaba da baya, majayi ya zagaya ƙarƙashin ciki ya ɗaure shi, jalala tana shimfiɗe, likkafa mai faɗi ce da tafin ƙafa ke zama a kanta, igiyar linzami kuma daga ƙarfen da ke bakin doki take tasowa zuwa hannun mahayi. Sau da yawa za ka ga sirdi yana shawagi babu majayi, ko sirdin kaboyi na Amurka a ƙarƙashin hakimi. 'Yan lifida daban, su da dokinsu cikin lifidi mai kauri da kwalkwali, 'yan sulke daban. Laima ta sarki ce, ba a ɗora wa kowa. Rawani mai kunne biyu a Kano na gidan sarauta ne, kada ka naɗa wa dila ko wani bafade don kawai ya yi kyau. Kuma ka zaɓi masarauta ɗaya ka bi tsarinta, domin hawan Kano da na Katsina da na Zazzau da na Damagaram ba ɗaya ba ne a kaya da jeri. Tun da UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024 hotunansa sun yawaita, amma ka duba asalin kowane hoto kafin ka dogara da shi. In jafi za ka zana, wato sukuwar gaisuwa da mahaya ke yi gaban sarki, kama lokacin tsayawa: ƙafafun baya sun zame ƙarƙashin ciki, gindi ya yi ƙasa, wuya ya lanƙwashe, mahayi ya ɗaga hannu yana jinjina, ƙura kuma ta wuce su ta yi gaba.

In aikin ya kai ka ga macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda labari ya kira Sarki, ka tuna ba dodon Sin ba ne. Babu ƙafa, babu fiffike, babu wuta a baki. Maciji ba shi da fatar ido, ba shi da kunne. Girmansa ya fi fitowa in ba a nuna shi duka ba: kai da ɗan wuya a bakin rijiya, mata da tulunansu a nesa sun kasa matsowa.

Sai yanzu ado ya shigo, kuma kaɗan ake so. Wuraren ɗaukarsa suna nan: sassaƙar ƙwarya, aikin dukawa a fata, zanen bangon Zariya da na Birnin Zinder, aska takwas ta wuyan riga, saƙar luru. Doka ta farko, ado ya bi lanƙwasar jiki. In ka ɗora dagi a cinyar zaki kamar an buga hatimi, cinyar ta zama allo. Lanƙwasa layukan su zagaya kamar yadda zane ke bin cikin ƙwarya. Ta biyu, ka bar fuska da gaɓoɓi babu ado, domin nan ido ke karanta hali da motsi. Ta uku, kada ado ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na hoto, kuma ya zauna inda yake zama a rayuwa, a ƙofar zaure, a wuyan riga, a jikin akushi, ba ko'ina ba. Gidan Gizo bukka ce, babu dalilin yi mata adon gidan attajiri. Dubi kuma raƙuman dawan Dabus da aka sassaƙa a dutse arewa da Agadas shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. Wanda ya yi su ya fara daidaita jikin dabbar tsaf, sannan ya bi shi da zanen fata, kuma tsarin da ya kamata ka bi ke nan.

Launi ka taƙaita zuwa biyar ko shida a littafin gaba ɗaya: jan ƙasa, shuni irin na marinar Ƙofar Mata, rawaya mai duhu, koren ganye marar haske, baƙi, da farin takarda. Ka ware launi ɗaya ga Gizo kaɗai don ido ya same shi da wuri. Yanayi ma ya nuna lokaci, damina kore ce da shamuwa a kan bishiya, hunturu kuwa sama fari-fari ce, nesa ta dushe. Kuka da giginya da gawo su ne itatuwanka. Gawo a damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, kada ka juya shi.

Akwai maganar da gara ka yi ta da mai aikin tun farko, wato hukuncin zana abu mai rai. Malamai sun yi saɓani. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, abin da aka haramta kai tsaye shi ne cikakken mutum-mutumi mai inuwa, an kuma sassauta a kan zanen da ke shimfiɗe a takarda, wasu suka ce makaruhi ne. Akwai kuma malaman da suka hana duka. Ka tambayi malamin da ka amince da shi, ka kuma tambayi mawallafi wace makaranta ko wane gida littafin zai shiga. In ana son kaucewa, ana iya aiki da baƙar inuwa marar ido da baki, ko da sawu. Sawun kura yana nuna farce, na zaki ba ya nunawa domin yana janye farcensa, kuma da wannan kaɗai ana iya ba da rabin labari.

Tsarin aikin kansa ga shi. A shafi 32, kusan huɗu za su tafi ga suna da bayanan ɗab'i, ya rage maka buɗi 14 na shafi bibbiyu. Zana dukkansu ƙanana a takarda ɗaya, kowanne kamar santimita 3 da 5, kafin ka fara babba ko guda. Boko daga hagu zuwa dama ake karantawa, don haka mai tafiya ya fuskanci dama, mai komowa gida ko mai tare hanya ya fuskanci hagu. In da ajami ne sai ka juya. Kada fuska ko hannu su faɗa tsakiyar littafi inda ake ɗinki. Kowace dabba ka cika ta da baƙi ƙirin ka nuna wa yaro, in bai gane ta daga inuwa ba, koma kan tsayuwar, launi ba zai cece ta ba. Layin waje ka ja da alƙalami mai kaurin milimita 0.8, na ciki 0.3, kuma tawadar ta zama wadda ruwa ba ya narkarwa in fentin ruwa zai biyo baya. Fentin ruwa yana son takarda mai nauyin giram 300, ta ofis mai giram 80 kumbura take yi. Da hunturu fenti kan bushe kafin ka kai ƙarshen shafi, ya bar maka layi a tsakiyar sama, saboda haka ka dama fiye da buƙata, ka jiƙa takardar tukuna, ka gama fili ɗaya ba tsayawa.

In a kwamfuta ko waya kake aiki, manhajar zane ta Krita kyauta ce, ibisPaint ma tana yi a waya. Buɗe shafin a girman da za a buga, da ɗigo 300 a kowane inci, wato A4 ya zama ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Ƙara rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, kuma kada wani abu mai muhimmanci ya matso bakin takarda ƙasa da milimita 10. Ƙaramin hoto ba ya girma daga baya, fashewa yake yi. Fuskar waya da RGB take aiki, wato hasken ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i da CMYK, wato tawada huɗu (C shuɗi mai haske, M ja mai ruwan hoda, Y rawaya, K baƙi), shi ya sa kore mai walƙiya da shuɗi mai haske suke mutuwa a takarda. Shuni ne ya fi ba da wahala: in adadin M ya matso kusa da na C sai ya koma shunayya, don haka ka bar tazarar kamar 30 a tsakaninsu, misali C 100 da M 70, ka ƙara duhu da K. A takarda marar sheƙi kada jimillar tawada huɗun ta wuce kamar 260 cikin ɗari, in ta wuce ba ta bushewa da wuri, shafi ya ɓata na kusa da shi. Rubutu ya zama baƙi zalla, K 100, don kada haruffa su yi inuwa in farantin injin ɗab'i ya ɗan goce. Mai da hoton baƙi da fari ka duba, in kura ta ɓace cikin jan ƙasar da take tsaye a kai, haskensu ya zo ɗaya, sai ka duhunta ɗaya.

Haruffa masu lanƙwasa su ne ke ba da kunya a minti na ƙarshe. Ba kowane salon rubutu ke da ɓ da ɗ da ƙ ba, manyansu Ɓ da Ɗ da Ƙ ma sun fi ɓacewa, ga kuma ƴ in littafin na Nijar ne. Andika da Charis da Noto suna da su. Yawancin maɗaba'unmu da CorelDRAW suke aiki, kuma in kwamfutarsu ba ta da salon da ka yi amfani da shi, sunan Ƙoƙi zai fito da akwatuna biyu. Mai da rubutun ya zama zane kafin ka tura, ka aika da PDF, ka kuma nemi a buga maka gwajin shafi biyu a kan ainihin takardar da za a yi aikin, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, kafin ka sa hannu.

Kafin wannan duka, tun hotunan suna fensir, cire rubutun ka kai su wuri biyu. Ka ba yara 'yan shekara 6 zuwa 9 su faɗa maka labarin daga hoto, duk inda suka yi shiru ko suka kira dabba da sunan wata, nan ne gyara. Sannan ka kai shafin doki wurin mai kula da barga ko wani da ya saba hawa, ka kai na Gizo wurin tsohuwar da ta iya tatsuniya, ka tambaye su abin da ba haka yake ba. Gyaran fensir minti goma ne, na bayan an buga kwafi 2,000 kuwa sai dai bugu na biyu.